Saye Ta Hana Nono

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

Majo, malamin jinya na likitar Gangara, wato asibiti, ya haska kunnena na hagu da 'yar fitila, ya ce zai buɗe da kansa, in daina sa masa tsinke. Ya tambaye ni me nake ji a ciki. Gogo, yayar Baffa, ita ta amsa mini. Ta ce, "Haka take, majo, tun can ma ba mai magana ba ce." Ya ce in ba ta magana, ta iya rubutu? Gogo ta ce ai har aji shida ta yi a lakol, makarantar boko. Ya ce to ta riƙa rubutawa, ko ba wanda zai karanta.

Shi ya sa na ɗauko tsohon kayena, littafin da nake rubuta lissafi, akwai sauran fararen shafuka a baya. A gida Fulatanci muke yi, amma ban iya rubuta shi ba. Da Hausa ma ya fi, abin ba ya zafi sosai.

Sunana Najiba. Rugarmu tana bayan gonar Malam Barmo, yamma da gari. Wana Sufyanu ya yi arewa da garke tun saukar ruwan fari, aka bar mana shanun tatsa huɗu. Ɗaya cikinsu ita ce Saye, saniyar yayata, Adda A'isha. Baffa ya ba ta ita tun tana maraƙa, kuma ba hannun da ya taɓa tatsarta sai na Adda.

Tun ranar Alhamis Saye take kuka. Tana neman ɗanta, tana neman Adda. Da kunne ɗaya ma ina jin ta.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan azahar

Hadari ya taso ta gabas. Na shiga ƙarƙashin gadon Inna. Bai yi ruwa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da la'asar

An yi sadakar bakwai. Mata sun cika ruga, kowacce ta zo sai ta dafa kaina ta ce Allah ya tsare ni, saura kaɗan. Ba na son wannan saura kaɗan ɗin.

Inna tana cikin bukka, ta juya wa ƙofa baya. Ba ta yi kuka ba. Adda 'yar fari ce, uwa kuwa a wurinmu ba ta kukan 'yar fari a gaban mutane. Ko sunanta ba ta taɓa kira ba, sai dai ta ce "waccan" ko "yayarku". Mata suna ta yaba mata, wai ta iya haƙuri. Ni dai na ga furar da na kai mata da safe tana nan yadda na ajiye, ƙudaje sun rufe faifan.

Da mutane suka ragu Baffa ya ɗaure ƙafafun Saye, Gogo ta tsuguna. Hantsar Saye ta kumbura har tana sheƙi. Gogo ta ja, ta ja, abin da ya fito bai fi tofin yawu ba, shi ma da jini-jini. Saye ta fizge ta kifar da ƙwaryar. Sai Baffa ya kai ta turken nesa, bayan geza, don kukanta yana hana Inna barci.

Gogo ta ce da an feɗe maraƙin, da an cusa wa fatar ciyawa an yayyafa mata gishiri an ajiye a gabanta, ta lasa ta saki nono. Haka ake yi wa saniyar da ɗanta ya mutu. Amma ranar ba wanda ya yarda ya sa masa wuƙa. Mutanen gari sun ce abin da wutar sama ta taɓa ba a feɗe shi. Nan gindin tsamiyar da abin ya faru aka haƙa rami aka tura shi da sanda.

Gogo ta tattara kayan Adda za ta wanke a bayar. Ta ce kayan mamaci in ba a wanke an fitar ba, zuciyar masu rai ba ta kwanciya. Shuɗin zanen Adda na tatsa yana rataye bayan bukka, idon Gogo bai kai can ba. Na naɗe shi cikin leda na cusa a ƙasan buhun dusa. Ban san dalili ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan fitowar rana

Baffa ya tafi sallar asuba masallacin gari, Gogo tana kan buzu tana lazimi. Na ɗauki zanen na tafi bayan geza. Wallahi ba tatsa ta kai ni ba. So nake in shaƙi zanen inda ba mai ganina. Hayaƙi, man shanu, da turaren nan na 'yar kwalba da take saya a kasuwa. Sanyi ya kama ni, sai na lulluɓa da shi har ka.

Saye ta daina kuka.

Ta miƙo wuya tana shinshinar zanen, hucinta mai ɗumi a kafaɗata. Sai ta fara lasa. Harshenta kamar dutsen goge kaushi. Na tsaya ƙyam kamar turken da aka ɗaure ta. Can na koma da sanɗa na ɗauko ƙaramar ƙwarya, na tsuguna ta damanta yadda Adda take yi, na daddaɓa mata ciki na ce, "Saye am," wato Saye tawa. Muryar ta fito kamar ba tawa ba.

Ta saki nono.

Na farkon da ya gauraya da jini na tatse shi a ƙasa na rufe da rairayi, Allah ya yafe mini. Na baya fari ne tas. Nono ba abin zubarwa ba ne, don haka da Gogo ta gama tatsar sauran ukun ta juya baya, na juye nawa cikin babbar ƙwaryarta.

Ban faɗa wa kowa ba. In na faɗi nonon, sai na faɗi zanen.

Litinin, 15 ga Yuli, da azahar

Yau na ɗauki tallar nono zuwa gari, karon farko ni kaɗai. A da Adda ke gaba tana kira, ni ina baya da ludayi. Na bi layin da take bi, amma kiran ya ƙi fita. Matan da ke saye kullum sun leƙo sun yi mini gaisuwa, ba wadda ta fito da kwano.

A bakin rijiya na ji wata tana cewa, "Masu tallar nono kullum bakinsu rantsuwa, aradu ban sa ruwa ba, aradu ban sa ruwa ba. To ai ga ta nan." Ta ɗauka kunnen da ke wajenta ne ya toshe.

Delu, matar Malam Barmo, ta saki igiyar guga. Ta ce, "Ke Suwaiba, in masu ƙarya aradu take nema, ai da tuni ta cinye ɗakinki har da kajin. Shekara nawa kina lashe ludayin yarinyar nan? Ajali ne, jahila!" Ta ja hannuna har gidanta, ta juye nonon duka cikin robarta, ta zaunar da ni a turmi. Ta ce, "'Yar Fillo, ke kuma bakin naki a ruga kika baro shi?" Na sunkuyar da kai. Ta turo mini dambun zogale. "Ci. Kin rame kamar sandar Baffanku."

Adda ba ta taɓa sa ruwa ba. Ni ke wanke ƙoran, na sani.

Alhamis, 18 ga Yuli, da yamma

Alhamis ce. Ban bi hanyar tsamiya ba, na zaga ta bayan gonar gyaɗa. An ce rabin tsamiyar ya bushe.

Asabar, 20 ga Yuli, da hantsi

Gogo ta ce damina ta yi albarka, shanun nan uku sun ƙara nono. Ta ce da ni in ce alhamdulillahi. Na ce a zuci.

Inna ta sha fura ludayi biyu. Cikinta har da na Saye, ba ta sani ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan magariba

Muna cin tuwo a waje, Baffa can gefe a kan buzunsa. Bai kalli kowa ba ya ce, "Na hango saniyar yarinyar nan yau. Hantsar ta motse. Ta ƙafe."

Tun da ya kai ta bayan geza bai ƙara zuwa kusa da ita ba, ni ke kai mata ciyawa da ruwa. Daga nesa yake hango ta. Hantsar kuwa ta motse ne don ina tatse ta kullum.

Ya ce, "Ranar sadakar arba'in za a yanka ta. Tata ce, ta bi ta da lada."

Gogo ta mayar da lomarta cikin kwano. "Dikko, saniyar tatsa? A gidan nan?"

"Da tana ba da nono ba na sa mata wuƙa, kin san ni. Amma ba ɗa, ba nono, ba ta yarda da kowa. Sai kuka. Kullum yamma in ta buɗe baki sai in ji kamar…"

Bai ƙarasa ba. Ya tashi ya ɗauki buta.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Sai na cusa loma a ciki.

Laraba, 24 ga Yuli, da la'asar

Na kai wa Baffa ruwan alwala. Na tsaya bayansa har ya gama wanke ƙafa. Ya waiwayo ya ce, "Mene ne, Najiba?" Na ce, "Ba komai." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kunnen fa?" Na ce da sauƙi.

Duk hanyar na tsara maganar. Baffa, Saye ba ta ƙafe ba. Ba ta da tsawo ma. Amma bayanta zai ce ta yaya, sai Gogo ta ƙwace zanen ta wanke, in an wanke kuma Saye ba za ta san shi ba. Ni ma ba zan san shi ba.

Juma'a, 26 ga Yuli, da safe

Turaren ya tafi. Saura hayaƙi da man shanu, sai kuma wani wari da na gane na jikina ne. Yanzu ina gama tatsa nake cire shi da sauri in ƙulle bakin ledar sosai.

Nonon ma kullum raguwa yake.

Talata, 30 ga Yuli, da azahar

Ina tsakiyar tatsa gari ya canza. Iska ta kwanta, tsuntsaye suka yi tsit, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Haka ya fara ranar. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Haske ya gilma.

Ban tuna tashina ba. Na tsinci kaina ƙarƙashin gado, hannuwana a kan kunnuwa, haƙorana suna haɗuwa. Inna tana kwance a sama. Ta san ina ƙasa. Ta sauko da hannunta ya rataya a gefen gadon. Bai taɓa ni ba, ni ma ban kama shi ba. Haka muka zauna har ruwan ya ɗauke.

Sai da rana ta fito na tuna zanen. Ƙaya ce ta fizge shi lokacin da nake gudu. Na same shi a kan geza, ruwa ya dake shi tun safe. Na shanya shi a tsakiyar geron Malam Barmo inda ba mai gani. Da ya bushe na shinshina. Ruwan sama da ƙasa kawai.

Laraba, 31 ga Yuli, da safe

Ta daɗe tana shinshinawa. Ta juya kai, ta sake dawowa. Na ce "Saye am" har muryata ta fara rawa. Daga baya ta saki, kaɗan.

Ko dai ita ma tana yin kamar ba ta gane ba ne.

Alhamis, 1 ga Agusta, da la'asar

Usmanu mahauci ya zo a kan moto, wato babur, ya duba Saye. Yau ne Baffa ya taka bayan geza. Usmanu ya zagaye ta yana tauna goro, yana matsa mata tozo da cinya. Ta kai masa tunkuyi, ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Kai, Malam Dikko, wannan ai jandarma ce ba saniya ba! Sai na zo da samari majiya ƙarfi."

Baffa bai yi dariya ba.

Usmanu ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ce, "Ka tabbata ta ƙafe kuwa? Wannan kamar wadda ake ja."

Ina tsaye da dami na ciyawa a kai.

Baffa ya ce, "Wa zai ja? Mai ja ta tafi."

Alhamis ce kuma.

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

Inna ta fito.

Tun ranar ba ta wuce bakin bukka, sai in alwala za ta yi. Yau ban san me ya tashe ta ba. Gari bai gama haske ba. Ina tsugune na ba ruga baya, zanen a kaina har ƙasa, nono yana sauka cikin ƙwarya. Sai na ji a bayana, a hankali:

"A'isha?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba.

Ban juya ba. Na kasa. Ta sake kira, wannan karon da ƙarfi, ina jin ƙafarta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tana sauri. Ta kama kafaɗata ta juyo ni. Ta ga fuskata.

Ba zan rubuta yadda tata fuskar ta yi ba.

Ta zube nan kusa da turke. Ƙwaryar ta kife. Ihuna ne ya fito da Gogo, ban san ina da irin wannan muryar ba. Ta yayyafa wa Inna ruwa, muka kama ta muka kai ɗaki. Sai Gogo ta juyo kaina ta fizge zanen. Ta ce, "Kashe ta kike so ki yi? Ɗaya bai ishe mu ba? Yarinya shiru-shiru ashe abin da kike ƙullawa ke nan!"

Baffa ya dawo daga masallaci ya tarar da mu haka. Gogo ta faɗa masa. Ya taka har bayan geza, na bi shi. Ya tsaya yana kallon nonon da ya zube a kan ciyawa. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun washegarin bakwai. Baffa, ba ta ƙafe ba."

Can ya ce, "Zanen take ba wa, ba ke ba. Ni kuwa ba zan bar 'yata ta koma inuwar mamaciya saboda saniya ba."

Na ce, "In ta ba ni ba zane fa?"

Ban san inda na samo wannan maganar ba. Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba.

Ya ce, "In ta ba ki, ta tsira."

Gogo ta wanke zanen da omo, ta ɗauraye ta sake wankewa. Bai gama bushewa ba ta ba wata mata da za ta hau mota zuwa Gazawa.

Talata, 6 ga Agusta, da safe

Ta ƙi.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Ta harbe ni a ƙwauri. Wurin ya tashi kamar ƙwai. Inna tana zazzaɓi, Gogo ta hana ni shiga.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Delu ta zo duba Inna, ta same ni zaune bayan bukka ina gasa ƙafata da tsumma. Gogo ta riga ta ba ta labari. Ta ce, "Wane turare ne? Na 'yar kwalba mai jan murfi? Ai ina da shi." Ta koma gida da kanta ta ɗauko, ta shafe ni da shi har wuya, ta ce mu je. Ta tsaya nesa tana riƙe da zanenta, wai ita Bahaushiya ce, ba ta wasa da ƙaho.

Saye ta shinshina ni, ta yi atishawa, ta juya mini baya.

Delu ta ce, "Saniyar nan ta fi Malam Barmo wuyar sha'ani. Shi ko da gishiri ana shawo kansa." Na ji bakina ya motsa. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Na gani! Ashe akwai haƙora a ciki."

Bayan ta tafi na gwada da gishiri, na gwada da dusa. Ta cinye, ta hana nonon. Hantsar ta sake tauri.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Gogo ta fito ta ce, "Tana kiranki." Ba ta kalle ni ba.

Inna tana zaune a bakin gado. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Na durƙusa nesa. Ta ce in matso ta wajen kunnen da ke ji. Na ɗauka faɗa za ta yi.

Ta ce, "Kina tare da ita."

Na ce, "Eh."

"Ta sha wahala?"

"A'a, Inna. Kafin in ji ƙarar ma an gama."

"Ta ce wani abu?"

Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Kowa ce mini yake in manta.

Na faɗa mata. Mun taso daga talla ruwa ya tare mu a hanya. Muka hango maraƙin Saye ya tsinke daga igiya, ya fake gindin tsamiya yana rawar sanyi. Adda ta sauke ƙwarya, ta tuɓe takalmanta, sababbin nan jajaye na roba, ta miƙo mini. Ta ce, "Riƙe mini, kuma kar ki sa ƙafarki mai kama da ta agwagwa a ciki." Ta ruga tana dariya. Ta kai, ta kama shi a wuya. Shi ke nan.

Inna ta yi wani sauti, na ɗauka tari ne. Ashe dariya ce. Ta ce, "Ƙafar agwagwa. Ita da ta kwaso ƙafar Baffanku kaf." Ta ce, "Kin sa su?"

Na ce, "Sau ɗaya, kafin Gogo ta bayar."

"Sun shige ki?"

"A'a."

Ta sake dariyar, sai dariyar ta karye a tsakiya. Ta kifa fuskarta a kafaɗata. Jikinta duka yana girgiza, ba sauti, har rigata ta jiƙe. Ni ma daga nan ban san nawa ba ban san nata ba.

Wata baƙuwa ta yi sallama a waje. Na ga inuwar Gogo ta tare bakin ƙofa. Na ji tana cewa, "Barci take, ki dawo gobe."

Litinin, 12 ga Agusta, da yamma

An kawo manyan tukwane daga gidan Delu. Sufyanu ya kira salular Baffa ya ce ba zai iya barin garke ba. Usmanu ya aiko cewa bayan fitowar rana zai iso.

Yau ma ta ƙi. Na jingina kaina da cikinta na ce mata gobe ne. Ta ci gaba da tuƙa.

Gabas tana walƙiya can nesa.

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Yau ce ranar sadakar arba'in.

Usmanu ya iso da samarinsa da igiyoyi, wuƙaƙensa naɗe cikin buhu. Gari ya tashi da hadari, rana ba ta fito ba. Baffa ya ce a dakata, ya dube ni ya ce, "Je ki." Kowa ya biyo ni bayan geza. Ban taɓa son idon mutane ba, yau ga su duka a bayana.

Na tsuguna da rigata ta kullum. Na daddaɓa ta, na kira ta. Ta ɗaga ƙafa, na janye ƙwaryar. Na sake. Ta matse jikinta, ko ɗigo. Ɗaya cikin samarin ya fara warware igiya.

Sai aka yi rugugi daga gabas. Mai nisa ne, amma na ji shi har cikin kunnen da ya toshe. Ƙafafuna suka ce tashi. Na ga bukka, na ga ƙofar, na san tazarar da ke tsakani. Na danna goshina a cikin Saye na runtse ido. In na tashi, sun kayar da ita kafin in fito.

Da na buɗe ido Inna ce ke tahowa, tana dafa sandar Baffa. Ba ta kalli kowa ba. Ta wuce gaban Saye, ta zare awarwaronta ta miƙa wa Gogo, ta jiƙa hannunta har gwiwa ta barbaɗa masa gishiri, ta miƙa mata. Saye ta yi huci. Ta shinshina. Ta fara lasa, a hankali, yadda take lasar ɗanta. Inna tana sosa mata wuya da ɗaya hannun tana mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Abin da na iya ji kawai shi ne, "Na sani. Na sani. Ni ma haka."

Aka sake rugugi, kusa. Ban tashi ba. Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ja, Najiba."

Na ja.

Sautin siriri ne a gindin ƙwarya, kamar fitsarin ɗan akuya. Ya tsaya. Ya sake zuwa. Na yi ta ja har yatsuna suka ƙage. Da ya ƙare na tashi na kai wa Baffa. Da ƙyar ya rufe gindin ƙwaryar.

Usmanu ya leƙa ya ce, "Malam Dikko, wannan ai ko kyanwa ba za ta gode ba."

Baffa ya karkata ƙwaryar, nonon ya taru gefe guda. Ya daɗe yana kallo. Ruwa ya fara ɗiɗɗiga a kan hularsa. Ya rufe ƙwaryar da tafin hannunsa kada ruwan ya shiga. Ya ce, "Usmanu, ka iya fiɗar rago?"

"Wane ragon? Naka na layya da kake ta kiwo?"

"Shi."

"Mutanen da ka gayyata fa? Rago ɗaya?"

Gogo ta ce, "Addu'a suka zo yi ko kiwon ciki? A ƙara wa miyar ruwa."

Samarin suka naɗe igiyoyinsu.

Talata, bayan la'asar

An yi addu'a an watse. Naman bai isa ba. Na ji wasu mata suna gunaguni a hanya, Delu ta bi su da baki har suka ƙara sauri.

An yi ruwa sosai da azahar. Na shiga ƙarƙashin gado, amma na fito kafin ya ɗauke.

Saye ta yi kuka da yamma kamar kullum. Ƙwaurina yana ciwo, kuma ban san ko gobe za ta yarda ba. Da asuba zan je. Inna ta ce in tashe ta.